Shekara Biyu Tana Zaune a Aji, Darasi Yana Wuce Ta

Akwai wani fom da na tsara da hannuna lokacin da aka kai ni sashen tsare-tsare na ofishin ilimi. Shafi ɗaya ne. Ana aika shi makarantun firamare a ƙarshen kowane zango, hedimastoci su cike su dawo da shi. A layi na tara an rubuta: adadin yara masu buƙata ta musamman da aka ɗauka, a gefe kuma ɗan akwatin da za a sa lamba. Ni nake tattara lambobin, in haɗa jimla, in zana jadawali, a kai wa manya. Duk shekara jimlar tana hawa, duk shekara muna rubuta cewa ana samun ci gaba, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya nake rubutawa. Ban gane abin da lambar nan take rufewa ba sai ranar da fom ɗin makarantar 'yata ya iso teburina, na ga an sa 1 a cikin akwatin. Wannan ɗayan 'yata ce. A lokacin kuwa na riga na san abin da take yi daga shiga aji har tashi: tana kwafar abin da ke kan allo harafi bayan harafi, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Zan sakaya sunanta, in kira ta Auta kamar yadda muke kiranta a gida. Da jinta aka haife ta, kuma a cikin 'ya'yanmu babu mai surutunta. Tana da shekara huɗu zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, wuyanta ya sandare, ta daina son haske. Sanƙarau ne. Muka yi mako biyu a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum shida da irin wannan sanƙarau na ƙwayar bakteriya ya kama, kusan ɗaya ba ya tashi, kuma ɗaya cikin biyar yakan tashi da wata babbar lalura. Mu a lokacin ba mu san wannan lissafi ba. Mun dai ga yarinya ta buɗe ido ta nemi ruwa, muka yi ta hamdala.

Da muka koma gida sai ta zama shiru-shiru. A kira ta ba ta waiwaye, mu ce jinya ce ba ta sake ta ba, ko kuma shagwaɓa ce ta wanda ya sha wuya. Wata rana iska ta buga ƙofa da ƙarfi, kowa a ɗakin ya zabura, ita ko gezau. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta ji." Na ce ta daina faɗin haka. Ta ce, "Ko na daina faɗa, ba ta ji."

Likitan kunne ya yi mana bayani. Can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi-gashi da suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ciwon ya lalata su a kunnuwa biyu, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Aka sa mata na'urar ƙara ji. Da ita takan ji rugugin tsawa ko ƙarar babbar mota, amma magana ba ta rarrabe ta.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarar farko shi ne yadda maganarta ta riƙa zubewa a gaban idona. Wanda ba ya jin muryarsa ba ya iya gyara ta. Da farko ƙarshen kalmomi ne suka fara faɗuwa. Sai muryar ta riƙa tashi sama ba dalili, ko ta yi ƙasa har ba a ji. Waƙoƙin da take rerawa suka tafi. Akwai dare da na tsaya a bakin ƙofa ina jinta tana ƙoƙarin faɗin sunan yayanta, tana maimaitawa, sunan yana fitowa a karkace, tana duban fuskarsa ta ga ko ta faɗa daidai. Na koma ɗaki na rufe ƙofa.

A nan na yi kuskuren da har yau nake neman gafarar Allah da tata a kansa. An ba mu shawara cewa kada mu bari ta saba da nuni da hannu, wai in ta saba ba za ta ƙara ƙoƙarin magana ba. Na karɓi shawarar hannu bibbiyu. Na kafa doka a gida: duk abin da Auta take so, sai ta faɗa da baki. In ta nuna kofi, sai in kama hannunta in sauke, in sa fuskata kusa da tata in ce, "Ce ruwa." Yarinya mai shekara biyar tana jin ƙishirwa, ubanta yana riƙe da hannunta. Ina ganin taimakonta nake yi.

Da lokacin makaranta ya yi, ban ji ɗar ba, domin nan fagena ne. Na san Sanarwar Salamanka kamar tafin hannuna: watan Yuni na 1994, a ƙasar Sifaniya, wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka amince cewa makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro komai yanayinsa. Na san Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a Disamba 2006 ta fara aiki a Mayu 2008, na kuma san Sashe na 24 ne yake maganar ilimi. Na sha tsayawa a gaban malamai a tarukan bita ina karanto musu waɗannan. Don haka na ɗauki kwafin manufarmu ta ilimin haɗaka, na kama hannun Auta, muka nufi makarantar da yayyenta suke.

Hedimasta ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, ba ƙi nake ba. Ba ni da malamin da ya san yadda ake koyar da kurma." Na buɗe takarda na nuna masa inda aka ce babu makarantar da za ta mayar da yaro saboda naƙasa. Ya yi shiru, ya jawo rajista ya rubuta sunanta. Na fito ina jin na ƙwato wa 'yata haƙƙinta. Yau in na tuna, gaskiya mutumin nan ya faɗa mini, ni kuma na danne gaskiyar da takarda.

Shekara biyu ta yi a haka. Littattafanta tsaf, rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin, malamai suna yabo. Ko me aka ce mata sai ta gyaɗa kai ta yi murmushi. Sai dai kusan kowace safiya cikinta na ciwo, kuma sau uku ana kirana don ta mari wani yaro. Wata ranar hutu ina duba littafinta, na ga ta rubuta "ruwa" ya kai sau ashirin a jere. Na rubuta kalmar a 'yar takarda, na ajiye kofin ruwa da takalmi da fensir a gabanta, na yi mata alamar ta ɗora takardar a kan abin da ya dace. Ta dube ni, ta dubi kayan, ta gyaɗa kai ta yi murmushin nan nata. Na sake gwadawa da sunanta. Shi ma ba ta san nata ba ne. Zane kawai take yi, kamar yadda ni zan iya kwafar rubutun Sinanci in ba ni aka yi.

Washegarin da aka koma makaranta na ɗauki hutun kwana ɗaya a ofis, na roƙi malamar ajin ta bar ni in zauna a baya. Shekara goma sha ɗaya ina aikin ilimi, ban taɓa zama a aji daga farkon darasi har tashi ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Yara sun haura saba'in. An sa Auta a layin gaba, wannan kam an yi. Amma malama tana bayani ne tana rubutu, fuskarta ga allo, ƙeyarta ga yara, kuma rabin darasin a haka yake wucewa. In ta juyo, taga tana bayanta, haske ya mayar da fuskarta inuwa. In ta yi tambaya, amsa takan fito daga wani lungu a baya, kafin Auta ta juya ta gano wanda yake magana an riga an wuce. Aka yi wani abin dariya, aji ya kwashe, sai na ga 'yata ta dudduba, ta ga ana dariya, ita ma ta fara, bayan kowa ya gama. Wannan dariyar da ta zo a makare ita ce ta karya ni.

Mutane suna ɗauka kurma yana karanta leɓe kamar yadda ake karanta jarida. Ku tsaya gaban madubi ku ce bari, ɓari, mari, ba tare da fitar da murya ba. Duk ɗaya suke a leɓe. Ku ce kara, ƙara, gara: a can bayan baki ake yin bambancin, ido ba ya kaiwa. Balle hawa da saukar murya, ko jan wasali wanda shi yake raba garin da ake zama da wanda ake tankaɗewa. Babban mutum da ya san harshe sarai yakan cike giɓin da hasashe. Yarinyar da harshe ya tsaya mata a shekara huɗu da me za ta cike?

Bayan an tashi na tsaya da malamar. Na ce, "Malama, me aka koya muku game da yaro kurma?" Ta ce, "Yallaɓai, an yi mana bita ta kwana uku. An gaya mana tarihin yarjejeniyoyi, an ce kada mu nuna bambanci, an ba mu takardar shaida. Amma ba wanda ya nuna mini yadda zan ce mata ta buɗe shafi na goma." Ta ƙara da cewa, "Ina tausayinta ƙwarai. In na tsaya a kanta, saba'in suna jirana." Bitar da take magana a kai, ni na tsara jadawalinta. Sunan malamar yana cikin jerin waɗanda na rubuta a rahoto cewa an horar.

A daren na ɗauko takardun nan da nake taƙama da su, na karanta su daga farko har ƙarshe, karatun uba. Sai ga shi abin da 'yata ta rasa duk yana ciki. A tsarin aikin da ya biyo Sanarwar Salamanka, sakin layi na 21 ya ce a tabbatar kurame sun sami ilimi da harshen hannu na ƙasarsu, har ya ce saboda yanayin sadarwarsu mai yiwuwa karatunsu ya fi dacewa a makarantu na musamman ko a azuzuwa na musamman cikin makarantun gama-gari. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a sauƙaƙa koyon harshen hannu, a kuma ɗauki malaman da suka ƙware a kansa, har da malamai masu naƙasa. Kwamitin da yake bin diddigin yarjejeniyar ya fitar da sharhi a 2016, inda ya ce sanya yaro mai naƙasa a ajin gama-gari ba tare da an sauya tsari da manhaja da hanyar koyarwa ba, ba shi ne haɗaka ba. Mu mun tsinci abin da ba ya cin kuɗi, wato a buɗe ƙofa, muka bar duk abin da yake buƙatar albashi da lokaci.

Sannan na ɗauko tamu manufar, wadda ni na mayar da ita Hausa don a raba wa makarantu. Za a samar da kayan koyarwa. Za a horar da malamai. Za a tabbatar kowane yaro ya amfana. Na bi "za a" ɗin nan da jan biro har shafukan suka yi ja. Wane ne "a"? Ba shi da suna, ba shi da ofis, ba shi da layi a kasafin kuɗi, ba a sa masa rana ba. In ba a yi ba, babu wanda za a tuhuma. A ganina a cikin wannan ɗan harafi ne yawancin yaranmu suke ɓacewa tsakanin takarda da aji. Duk alƙawarin da ba a ce wane ne zai cika shi ba, da kuɗin wane asusu, kafin wane wata, a ƙarshe kan malama ɗaya mai yara saba'in yake faɗawa, kuma ita ake zargi.

Mahaifiyar Auta ce ta samo mana mafita, ba tare da ta karanta ko ɗaya daga cikin takardun nan ba. Ta ji labarin wata budurwa kurma da ta gama sakandaren kurame tana zaune ba aiki, ta je ta gayyato ta. Na ƙi da farko. Ta ce, "Malam, ka gwada naka shekara uku. Ka bar ni in gwada nawa wata ɗaya."

Ba zan manta da yammacin ba. Budurwar ta durƙusa daidai tsayin Auta, ta nuna kunnenta, ta nuna na Auta, ta haɗa yatsu biyu: ni da ke ɗaya muke. Auta ta ƙura mata ido. Sai budurwar ta ɗaga kofi ta yi alama. Ta nuna kyanwa ta yi alama. A na uku Auta ta fizgi hannunta, ta ja ta cikin gida tana nuna abubuwa, ƙofa, fitila, madubi, ni, tana jiran a ba ta sunan kowanne. Har duhu ya yi ba ta gaji ba. Kafin baƙuwar ta tafi ta raɗa mata suna na hannu, yatsa a kan ɗan tabon da ke haɓarta. A daren Auta ta kwanta tana maimaita alamomin a cikin duhu, hannunta yana motsi a ƙarƙashin mayafi. Na zauna kusa da ita na ɗauki hannun nan da na sha saukewa, ban san yadda zan ce ta yafe mini ba, domin ban iya harshen da za ta ji ba tukuna.

Na shiga koyon maganar hannu ina da shekara arba'in da 'yan kai, yatsuna sun yi tauri, yaran gida duk suka wuce ni. A wajen ƙungiyar kurame na ji tarihin da ba a taɓa ambata a bitocinmu ba. A 1880 aka yi taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, mahalartan kusan dukkansu masu ji ne, suka yanke cewa koyarwa da baki ta fi ta hannu. Daga nan aka kori harshen hannu daga makarantu da yawa, malamai kurame suka rasa aiki, aka shafe tsararraki ana hana yara motsa hannu. Sai a 2010, a zaman da taron ya yi a Kanada, aka fito fili aka yi watsi da wannan matsaya. Ashe shawarar da aka ba ni, wadda na ɗauka sabon ilimi ce, ragowar Milan ce. Su ne kuma suka ba ni labarin Andrew Foster, baƙar fatan Amurka da sanƙarau ya kurmantar yana da shekara 11, ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya fara buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya buɗe makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka 13. Da na iya isassun alamomi na ba Auta labarinsa. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske ciwonsu ɗaya.

Wani dattijo a ƙungiyar ya yi mini tambayar da ta sauya aikina. Ya ce, yaran da fom ɗinka yake ƙirgawa su ne waɗanda suka zo, waɗanda ba su zo ba fa, wa yake ƙirga su? Muka bi gida-gida da shi da budurwar nan. A yankin da makarantar take ɗiba kaɗai muka sami kurame biyar da ba su taɓa shiga aji ba, ɗaya ya kai shekara goma sha ɗaya ba shi da wani harshe sai 'yan nune-nunen da shi da uwarsa suka ƙirƙira. Rahoton UNICEF na 2021 ya ƙiyasta yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240, ya kuma ce yiwuwar a ce ba su taɓa zuwa makaranta ba ta ɗara ta sauran yara da kashi 49 cikin ɗari. Na sha sa wannan adadi a jawabi. Ranar ce na fara ganin ƙofofin da yake bayansu.

Muka koma wa hedimastan nan. Wannan karon ban ɗauki takarda ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa mini tun farko. Ga malamar da ka ce ba ka da ita." Ya ba mu wani ɗakin ajiya muka share. Da safe kurame shida suna can da malamarsu suna koyon harshe da karatu, bayan ƙarfe tara su shiga azuzuwansu tare da ita, tana zagayawa. Na so a ce dukkansu suna cikin aji tun safe, don haka manufa ta fi so, amma 'yan ƙungiyar suka ce a'a: yaro kurma guda ɗaya a cikin masu ji kaɗaici yake sha ko da an ba shi tafinta, yana buƙatar sa'o'insa da zai yi musu da faɗa da raha da su a harshensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na bi maganarsu, kuma daidai suka faɗa. Yaron nan mai shekara goma sha ɗaya a bakin 'yan uwansa ya tsinci harshe, in ce a hannunsu, fiye da yadda ya tsinta a darasi.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Malamar aji ta ɗauki ɗabi'ar yin shiru in tana rubutu, sai ta juyo ta yi bayani. Aka sauya inda take tsayawa don haske ya faɗa kan fuskarta. Duk wanda zai ba da amsa sai ya miƙe, malama ta nuna shi, a jira Auta ta juya. Sababbin kalmomin gobe ana ba malamar kurame yau. Kowace safiya minti goma aji gaba ɗaya yana koyon alamomi, kuma yaran suka ɗauka kamar wasa, kafin zango ya ƙare suna gulma da hannu a bayan malama. Ciwon cikin safe ya tafi. Ba a ƙara kirana kan mari ba, domin yanzu in an tsokane ta tana da abin ramawa. Maganar bakinta ma da aka tsorata mu za ta mutu, ƙaruwa ta yi, don yanzu ta san abin da take ƙoƙarin faɗa. A cikin wannan hali ne malamar ta lura da wani yaro da aka daɗe ana kira daƙiƙi, ashe ruwan kunne ne ya rage masa ji, aka kai shi asibiti.

Ranar da Auta ta karanta jimla ta farko, ni ta rubuta wa. Ta miƙo mini 'yar takarda: "Baba zo gani." Tana nan cikin walat ɗina.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Malamar kurame ba ta da takardar shaidar malanta, kuma a tsarin ɗaukar ma'aikata babu gurbi mai suna mataimakiyar malami ko tafinta. Yarjejeniya ta ce a ɗauki malamai kurame, amma ƙa'idar ɗaukar aiki ba ta san da zamansu ba, hanyar samun takardar kuma ta bi ta kwalejin da ita ma ba tafinta. Iyaye ne muka riƙa haɗa mata ɗan abin da ya sawwaƙa, wani wata a samu, wani wata ta yi haƙuri. Bayan shekara biyu aka yi wa malamar ajin canjin wurin aiki, da ita da duk abin da ta koya, wadda ta gaje ta muka fara da ita daga farko. A jarrabawa aka yi shifta, malami yana karantawa yara suna rubutawa, aka ba 'yata sifili, aka haɗa shi cikin makinta. Da na yi magana aka ce ai jarrabawa ɗaya ce ga kowa, wai adalci ke nan. Akwai kuma yarinya mai keken guragu da aka gina wa gangara a bakin aji, gangarar ta yi tsaye har sai mutum biyu sun tura ta, alhali ƙa'idar da aka sani ita ce duk tashin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu. A rahoto an rubuta makarantar tana da gangara. Ban-ɗaki kuwa ƙofarsa ba ta cin keken, don haka yarinyar ba ta shan ruwa sai ta koma gida.

Ina jin masu cewa a rufe makarantun kurame duka da sunan haɗaka, ina kuma jin masu cewa a kwashe su duka a kai makarantun kwana a huta. Ban yarda da ko ɗaya ba. Malamar Auta a makarantar kurame ta sami harshen da ta ba 'yata, da an rufe ta da ba mu same ta ba. Amma mun je mun duba wata ta kwana, tafiyar yini guda, Auta tana da shekara takwas, mahaifiyarta ta dubi ɗakin kwanan ta ce ba za ta iya ba, ni ma ban iya ba. Tambayar da nake yi yanzu a kowace makaranta guda ce, ko ta musamman ce ko ta kowa: wa yake iya magana da yaron nan a nan, kuma me ya iya bana wanda bai iya ba bara?

Na kai wannan tambaya ofis. Na rubuta shawarar a ƙara layi huɗu a ƙarƙashin layi na tara: kwana nawa yaron ya halarta, wane ne a makarantar yake iya sadarwa da shi, ya iya karanta jimla ko bai iya ba, kuma yara nawa aka sani a yankin da ba su zuwa. Shugabana ya karanta ya ce, "Malam, in muka sa waɗannan, lambobinmu za su yi muni." Na ce, "Yallaɓai, a yanzu ma haka suke, ba mu gani ne kawai." Mutumin kirki ne, yana da nasa na sama da yake amsa wa. Bayan wata bakwai aka amince da layi biyu, na halarta da na sadarwa. A zangon farko, akwatin sadarwa ya dawo fanko daga mafi yawan makarantu, wasu hedimastocin suka rubuta "babu" da babban baƙi. Da waɗannan "babu" ɗin muka je neman gurbin tafinta a kasafin kuɗi. An ba da gurbi biyu a takarda. Zuwa yau ɗaya aka cike, kuma malamar Auta ce ta samu, bayan ta yi shekara huɗu tana aiki da abin da iyaye suka tara.

Auta tana ƙaramar sakandare yanzu. Malamai tara ne suke shiga ajinsu, babu wanda ya iya maganar hannu, tafinta kuma darussa uku kawai take samun zuwa, sauran ƙawarta ce take ba ta littafi ta kwafa, mu zauna da daddare mu warware. Tana son lissafi, ta tsani duk darasin da malami yake shigowa ya yi ta zuba ba ya taɓa allo. Kwanan baya ta same ni ina aiki a gida, ta ɗauki tsohon fom ɗin ta karanta har layi na tara. Na gaya mata cewa ɗayan nan da aka taɓa rubutawa ita ce. Ta juya takardar gaba da baya, sannan ta tambaye ni, ina wurin da yaron yake cikewa?

Mun zauna ni da ita da malamarta mun tsara rabin shafi, da hotuna don waɗanda ba su iya karatu ba: kana gane abin da malami yake faɗa, kana da aboki, kana iya shiga ban-ɗaki. Yana kan teburin shugabana mako na biyar ke nan. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare kuma saura wata huɗu, na rubuta wasiƙar neman a ba ta tafinta da ƙarin lokaci, an ce in dawo da takardar likita sabuwa. Ranar Litinin da sassafe za mu je a sake auna kunnen.